Yaya ake raɗa wa kashin fim sunan da zai dace da labarinsa?

Tambaya: Assalamu alaikum. Mu matasa ne a wani ƙauye a yankin Taura, muna ɗaukar fim mai dogon zango da waya, mu ɗora a YouTube, mu kuma kai wa masu tura fim ranar kasuwar Gujungu. Labarin rigimar gado ne: uba ya rasu, ƙaninsa ya jinginar da gonar marayu a ɓoye. Kashi na 4, inda babban ɗan ya buɗe adakar mahaifinsu bai ga takardar gonar ba, mun sa masa "Asiri Ya Tonu", jama'a suka ce mun yaudare su. Kashi na 7, inda Mai Unguwa, wanda shi kaɗai ne shaidar marayun, ya cika a ƙarshe, mun sa masa "Rasuwar Mai Unguwa", suka ce mun gama musu labari tun ba su kalla ba. Mu daina sa suna ne mu bar lamba kawai, ko akwai yadda ake yi?

Amsa: Wa alaikumus salam. Ƙanena, kada ku daina, gyara za ku yi. Kurakuran nan biyu da ka kawo, duk da ɗaya ya yi gaba, ɗayan kuma ya yi baya, tushensu guda ne: kun ɗauko sunan daga sakamakon abin da ya faru. A kashi na 4 sakamakon bai iso ba tukuna, sai sunan ya zama ƙarya. A kashi na 7 ya iso, sai sunan ya zama tonon silili. Kowane kashi mai kyau yana da tambaya guda da mai kallo yake riƙe da ita a ransa tun daga farko har ƙarshe: zai gane ko ba zai gane ba, za ta yarda ko za ta ƙi, za a kai ga shaidar ko ba za a kai ba. A jikin wannan tambayar ake ciro suna. Amsar kuwa ta fim ce, shi zai ba da ita.

Bari in fara da kashi na 4, domin irin matsalarsa ta fi yawa, kuma galibi ba daga marubuci take ba. Ana rubuta kashi a takarda da fitowa goma sha biyu, ana sa ran minti talatin, a rubuta masa suna a sama. A wurin ɗauka 'yan wasanmu ba sa bin rubutu kalma da kalma, a ba mutum magana ta layi uku ya ja ta minti biyu, musamman in ya ga 'yan kallo sun kewaye suna dariya. Abin ya zo hannun mai haɗa hoto ya kai minti arba'in da biyu. Shi kuma ya san nauyin fayil da tsadar data, sai ya datse a minti talatin, fitowa biyun ƙarshe su koma kashi na gaba. To a cikinsu ne asirin yake tonuwa. Sunan kuwa yana nan daram inda aka rubuta shi, ba wanda ya waiwaye shi. Maganin wannan ƙa'ida ce guda: sunan da ke kan takarda na aiki ne kawai, don ku san abin da kuke ɗauka. Sunan fita sai an gama haɗa hoto, an zauna an kalli kashin daga farko har ƙarshe yadda jama'a za su gan shi. Kuma wanda zai ɗora a intanet kada ya ƙirƙiri nasa sunan a bakin ɗorawa, a ba shi a rubuce.

Ga yadda ake zaman. Ku samu mutum uku: marubuci, mai ba da umarni da mai haɗa hoto. Ɗaya ya riƙe biro da takarda, duk fitowar da ta wuce ya rubuta abin da ya faru a layi ɗaya da mintocin da ta ci. In an gama a tara mintocin kowane reshe na labarin. Mu ƙaddara kashin naku minti 28 ne. Babban ɗa da neman takarda sun ci 11, Baffa da dillalin riɗi suna ƙus-ƙus sun ci 8, zancen auren ƙanwa 6, barkwancin teburin mai shayi 3. Daga nan sai a nemi wurin da labari ya juya, wato fitowar da bayanta abubuwa ba za su koma yadda suke ba. A naku ita ce inda yaron ya durƙusa gaban adaka, ya ɗaga manyan rigunan mahaifinsa, ya ciro ƙyallen da aka saba naɗe takardar a ciki, ya warware ya ga wayam, sannan ya tuna tun ranar sadakar uku makullin yake hannun Baffa. Babu asirin da ya tonu a nan. Zargi ne ya shiga. To me ya ratsa kashin? Makulli. An nemi shi a wurin Inna, ta ce yana wurin Baffa, Baffa ya yi ta waina kafin ya bayar, aka buɗe da shi. "Makullin Adaka" ya isa suna. Wanda bai kalla ba zai ce me ke cikin adakar, wanda ya kalla in an ambata masa bayan wata guda zai tuna wanne ne.

Lissafin mintoci ba hukunci ba ne, fitila ce. Wani lokaci juyin yana cikin ƙaramin reshe. Amma in reshen da kuka ciro sunan daga jikinsa bai kai rubu'in lokacin kashin ba, kuma ba a cikinsa labari ya juya ba, sunan ba na kashin ba ne. Wannan ne yake faruwa in an ga fitowar barkwanci ta yi armashi aka raɗa wa kashi duka sunanta: masu son dariya su shigo su tarar da minti uku, sauran duk kuka.

Kashi na 7 kuwa, maganar mutuwa a suna tana da sharaɗi. In mutuwar a mintocin farko take, kashin kuma a kan abin da ta haifar yake, babu laifi a nuna ta, ko da yake "Zaman Makoki" ya fi ambaton wanda ya rasu. In a ƙarshe take, ita ce dukiyar kashin, ba a baje ta a bakin ƙofa. Tambayar kashinku ita ce: za a kai Mai Unguwa gaban dagaci ya faɗi abin da ya sani? Da kun sa "Shaida Ɗaya", mai kallo zai shiga da fargabar kada a saye dattijon ko a tsorata shi. Sai ya ga an fito da makara. Sannan sunan ya sake faɗo masa da wani nauyi daban, shaidar ɗaya ce, ga ta an rufe. A ganina wannan ne mafi kyawun irin suna, wanda ake fahimta iri ɗaya kafin kallo, wani iri bayan kallo, kuma duka biyun gaskiya ne. Ba kowane kashi ne zai ba ku irinsa ba, in kun samu uku a zango kun yi ƙoƙari.

Sai karin magana, wanda nan ne marubutanmu suka fi zamewa saboda daɗinsa. Al'ada ce mai tushe. Labarai da dama a Magana Jari Ce na Abubakar Imam, wanda ya fito a ƙarshen shekarun 1930, karin magana ne sunayensu, littattafan hikaya da fina-finai kuma suka bi sahu. Sai dai a can kowane labari a cike yake, ya fara ya ƙare a zama ɗaya, mai karatu ya san mugu zai ga sakayya, yadda za a yi yake son gani. Kashin fim mai dogon zango yanki ne, kuma karin magana kusan kullum hukunci ne a kan ƙarshen al'amari. Ga shi kunnen Bahaushe ba ya barin rabi. Ka rubuta "Ramin Mugunta", ya ƙarasa da kansa, ya san Baffa zai afka. Ka rubuta "Rana Dubu", ya san yau ta mai kaya ce. In Baffa bai afka a wannan kashin ba kun sake maimaita kuskuren kashi na 4, in ya afka kun maimaita na 7.

Inda karin magana yake aiki shi ne inda ba a san wa zai hau kansa ba. A ce an tara dangi a zauren dagaci, dagaci ya ce akwai wanda ya san inda takarda take a cikinku. Baffa ya shiga gyara hula, dillali ya kama tari, matar babban ɗa ta sunkuyar da kai don ita ma akwai abin da ta ɓoye. "Mai Kaza a Aljihu" ya zauna a nan, domin mai kallo ya san wani ba zai jimiri as ba, amma cikin ukun bai san wanne ba. Sannan a tabbatar an fahimci karin maganar daidai. "Albasa ba ta yi halin ruwa ba" ana faɗinta ne ga ɗan da bai gado kirkin iyayensa ba. In aka ɗora ta a kashin da ɗa ya biyo halin ubansa sak, tsofaffi dariya za su yi muku, wurin "barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe" ne. Kafin ku sa, ku karanta wa wata gwaggo ko wani dattijo a majalisa, ku ce a wane hali ake faɗin wannan. Minti biyu zai ɗauke ku.

Akwai kuma sunayen da ba ƙarya suke ba, ba kuma tonon silili ba, amma ba su da amfani: "Tashin Hankali", "Ƙaddara", "Ana Wata Ga Wata", "Rikici". Gwajinsu mai sauƙi ne. Ɗauki sunan ka ɗora a kan sauran kason zangon ɗaya bayan ɗaya. In ya zauna a kan biyar ba tare da ya yi gatsau ba, riga ce ta aro, kowa zai iya sawa. Fim ɗin rigimar gado wane kashi ne ba tashin hankali a cikinsa? Shi ya sa abu mai jiki yakan fi: makulli, buhun riɗi, tambarin yatsa a takarda, kan iyaka, amalanke. Bayansa sai maganar da wani ya furta a kashin wadda ta tsaya a rai, kamar Inna ta ce "Ni ban gani ba" alhali mai kallo ya san ta gani. Bayanta sai wuri ko lokaci, "Daren Kasuwa", "Bayan La'asar", muddin abin da ya juya labarin a nan ya faru. A zaman raɗa suna ku rubuta guda goma kafin ku zaɓa. Ukun farko da suka zo baki yawanci su ne waɗanda kowa ya riga ya ji a wani wuri.

Game da barin lamba kawai: gaskiya ne manyan fina-finanmu masu dogon zango da ake nunawa a Arewa24 da YouTube mafi yawa da lambar zango da ta kashi suke tafiya. Su suna da rana da sa'a da aka san su da ita, da jama'a masu jira. Ku kuwa fim ɗinku yana yawo ne daga memori zuwa memori, kuma ba wanda yake zuwa rumfar mai tura fim ya ce a ba shi kashi na 6. Abin da yake cewa shi ne, "Turo min wanda aka kama Baffa da buhun riɗi." Wani shirin barkwanci na Amurka mai suna Friends, da aka yi daga 1994 zuwa 2004, a kan wannan ɗabi'ar ya gina sunayensa: kusan kowane kashi sunansa yana farawa ne da abin da ke nufin "wanda aka yi kaza", saboda haka masu kallo suke kwatanta wa juna. Darasin da ke ciki a gare ku shi ne ku tsaya a rumfar ranar Lahadi, ranar kasuwar Gujungu, ku saurari yadda mutane suke kiran kason da suka wuce. In abin da suke kira ya yi kusa da sunan da kuka sa, kun dace. In kullum daban ne, ku duba me idonsu yake kamawa da naku ba ya kamawa. A haɗa biyun, lamba don jeri, suna don tuni.

Kafin fitarwa a yi gwaji biyu. A samu mutum biyar da ba su ga kashin ba, a cikinsu a sa mace biyu da dattijo ɗaya, kada duk su zama abokanku. A faɗa musu sunan kaɗai, a ce me kuke zaton zai faru. In uku sun faɗi ƙarshen daidai, sunan ya yi surutu. In duk sun tafi wani labari daban da ba ya cikin kashin, ya yi alkawarin da ba zai cika ba. Abin da ake so su ambaci yankin da abin yake, su kuma saɓa a kan yadda zai kaya. Gwaji na biyu na waɗanda suka riga suka kalla ne, bayan mako guda: a ambaci sunan, a ga ko za su tuna kashin ba tare da an taimaka musu ba.

Zango guda kuma ya tafi da salo guda. In kun fara da sunayen abubuwa, ku riƙe su. In kashi na 1 kalma biyu ne, na 2 doguwar jimla, na 3 tambaya da Turanci, jerin zai yi kama da kayan gwanjo. Kalma biyu zuwa huɗu ta wadatar.

Yanzu ɓangaren na'ura, inda suna mai kyau yakan lalace a banza. YouTube ba ya karɓar take da ya wuce harafi 100, a waya kuma layi biyu ake gani a jeri, sauran ya yanke. Don haka sunan shiri, lambar kashi da sunan kashi su zo a gaba, jerin sunayen 'yan wasa da godiya su koma wurin bayani a ƙasa. Sunan fayil ɗin da za ku kai wa masu turawa daban ne. Mu ce shirin Gona ake kiransa, a rubuta Gona 04 Makullin Adaka. A sa sifirin nan a gaba, domin wayoyi da yawa da haruffa suke jerawa, in babu shi sai 10 da 11 su biyo bayan 1, kashi na 2 ya koma can ƙasa, mutum ya kalli ƙarshe kafin tsakiya. Kada a sa alamar tambaya ko ɗigo biyu a sunan fayil, memori da kwamfuta da yawa ba sa karɓa. Haruffa masu ƙugiya, ƙ da ɗ da ɓ, a rubuta su daidai a allon da ke cikin fim, amma a sunan fayil a bar su k, d, b, don wasu ƙananan wayoyi akwatuna suke nunawa a madadinsu. A YouTube ma yana da kyau a maimaita sunan ba ƙugiya a wurin bayani, tunda haka yawancin mutane suke rubutawa in suna nema. Sai dai a kula da kalmar da cire ƙugiya ke sauya mata ma'ana, ƙasa da kasa, ɓata da bata. In sunan ya dogara da irin wannan, gara a sake wani.

Allon suna a cikin fim ya tsaya daƙiƙa huɗu zuwa biyar, manyan haruffa farare a kan duhu, kuma a sa murya ta faɗe shi. A karkara da yawan masu kallo ajami suka fi iyawa, wasu a hankali suke karatun boko, ga yara da tsofaffi da suke leƙe ta kafaɗar mai waya. Sunan da ba a ji ba, rabin jama'a bai kai gare su ba. Hoton da ake sawa a fuskar bidiyo shi ma suna ne na biyu, dole bakinsu ya zo ɗaya. Ba amfani ku ɓoye mutuwa a "Shaida Ɗaya" sannan ku sa hoton makara.

Za a ce muku suna mai zafi ne yake jawo dannawa. Yana jawowa, sau ɗaya ko biyu. Amma ku buɗe YouTube Studio, wurin da mai tasha yake kula da bidiyoyinsa, ku duba zanen da ke nuna inda masu kallo suke fita. Wanda aka yi wa alkawarin asiri yakan yi ta tsallake yana nema, in bai gani ba ya fice, kuma bidiyon da ake ficewa da wuri ba ya samun turawa gaba sosai. Ga dokokin YouTube ɗin kansu sun hana take mai yaudara. Wanda ya sayi data da kuɗin da ya samu a ƙodago, ya kai waya caji ya biya, ba ya manta wanda ya cuce shi.

Wani abu da ya shafi ƙauye musamman: kowa ya san kowa. In akwai wata gona a garinku da ake shari'a a kanta, ko wani da ake yi wa wani laƙabi, kada sunan kashi ya ko kusanci wurin, ko da kun rantse ba da shi kuke ba. Fitowa tana wucewa, suna kuwa shi ake maimaitawa a majalisa. Haka aya ko hadisi, a bar su daga sunan kashi. Kuma tunda fim ɗinku zai tsallaka zuwa Kano ko kun so ko ba ku so ba, ku sani Hukumar Tace Fina-finai ta jihar Kano, wadda aka kafa a 2001, ta dakatar da wasu fina-finai masu dogon zango a 2025 saboda sakin su ba tare da an kai mata ta duba ba. Suna mai batsa ko habaici shi ne farkon abin da yake jawo ido.

Waɗanda kuka riga kuka saki kuwa, a YouTube ana iya sauya take da hoton fuska a kowane lokaci, adireshin bidiyon da yawan kallonsa ba za su taɓu ba, don haka ku gyara na 4 da na 7 yau, saboda sababbin masu kallo da za su faro daga farko. Allon da ke cikin bidiyon shi ba zai sauyu ba sai an yanke wurin ko an sake ɗorawa, kuma in an sake ɗorawa lissafin kallo daga sifiri zai faro. A na 4 ban ga ya cancanci wahalar ba. A na 7 ya cancanta, tunda allon yana tona ƙarshen tun a minti na farko, ku gwada yanke daƙiƙun allon da abin yanka da ke cikin YouTube Studio kafin ku yi tunanin sake ɗorawa. Wanda ya riga ya shiga memorin mutane ya tafi ke nan. Ku dai kai wa masu turawa sabon fayil da sabon suna ranar kasuwa mai zuwa, ku roƙe su su goge tsohon a gabanku, in ba haka ba biyun za su riƙa turawa a matsayin kashi daban-daban.